Aikin Sa Kai na Ɗaliban Injiniya Wajen Samar da Ruwan Sha da Tsabta a Ƙauyukan Ƙasashen Waje



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a jami'o'in Turai da Amurka tun daga farkon wannan ƙarni. Ɗalibai masu koyon aikin injiniya sukan haɗa kai, su tara kuɗi, su tafi wata ƙasa mai nisa lokacin hutu, su gina wa mutanen wani ƙauye rijiya, ko tanki, ko salga, ba tare da an biya su ko anini ba. Wanda ya ji wannan zai ce ai babu abin tattaunawa a nan, alheri ne, sai godiya. Ni ma ban musa cewa alheri ne ba. Sai dai aikin ruwa yana da ma'auni guda wanda bai san kyakkyawar niyya ba, watau, bayan baƙi sun koma gida da shekara biyar, in mace ta zo da tulunta, za ta sami ruwa ko kuwa za ta koma rafi? Da wannan ma'auni nake so mu auna al'amarin.

Bari in fara da girman matsalar, a taƙaice, domin ba baƙuwa ba ce gare ku. Bisa ga ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar game da shekarar 2022, mutum wajen biliyan 2.2 ba su da amintaccen ruwan sha a inda suke zaune, wajen biliyan 3.5 ba su da ingantaccen wurin kewayawa, sa'an nan kimanin miliyan 419 a fili suke ba-haya. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, kuma akasari mata da 'yan mata ke ɗaukarta. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taron ruwa na Mar del Plata a Ajantina, wanda ya haifar da keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha da tsabta. A watan Yuli na 2010 ne Majalisar ta zartar cewa samun ruwa da tsabta haƙƙi ne na ɗan Adam. Tsakanin waɗannan lokuta biyu an haƙa rijiyoyi masu ɗimbin yawa, kuma labarinsu zai zo nan gaba.

Asalin al'amarin

A Faransa aka fara. A 1982 aka kafa ƙungiyar Ingénieurs Sans Frontières a wata tsohuwar makarantar injiniyoyin gadoji da hanyoyi ta birnin Paris. Sunan an kwaikwayo shi ne daga ƙungiyar likitocin nan da aka kafa a 1971, wadda gidajen rediyo ke kira Likitoci Na Gari Na Kowa. Ma'anarsa, injiniyoyin da iyakar ƙasa ba ta tare su. A shekarar 2000 wasu samari biyu da suka gama Jami'ar Waterloo, George Roter da Parker Mitchell, suka kafa irinta a Kanada. Amma wadda ta fi bazuwa cikin jami'o'i ita ce ta Amurka, Engineers Without Borders, kuma daga wani ƙauye ta samo asali.

A shekarar 2000 aka gayyaci Bernard Amadei, shehun malami a fannin injiniyan gine-gine a Jami'ar Kolorado da ke Boulder, zuwa San Pablo, wani ƙauyen ƙabilar Maya a ƙasar Beliz, can Amurka ta Tsakiya. Ya tarar yara ƙanana ne ke ɗibar ruwan gida, har ɗibar ruwa ta hana da yawansu zuwa makaranta. A 2001 ya koma tare da ɗalibai takwas, suka jawo ruwa zuwa ƙauyen da ƙarfin wani magangarin ruwa da ke kusa, a kan kuɗi kimanin dala 14,000. A 2002 aka yi wa ƙungiyar rajista, kafin a jima ta yi rassa a jami'o'i fiye da ɗari.

Famfon da suka zaɓa ya cancanci mu dakata a kansa, domin yana nuna abin da ilmin injiniya yake iya yi wa talaka in an yi tunani. Ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe, Joseph Montgolfier, shi ya ƙago shi a 1796. Ba ya shan fetur, ba ya buƙatar lantarki, kuma abu biyu kaɗai ke motsi a cikinsa, watau bawul biyu. Ga yadda yake aiki. Ruwa yana gangarowa ta cikin bututu daga tudu, ya tarar da bawul na farko a buɗe, ya riƙa zuba waje. Da gudunsa ya ƙaru sai ya bugi bawul ɗin ya rufe farat ɗaya. To, ruwan da ke cikin gudu, an tare shi ba zato, dole ƙarfinsa ya nemi mafita. Sai ya tura bawul na biyu, kaɗan daga cikinsa ya kutsa wata tukunya mai iska a ciki. Iskar ta matsu, ta tunkuɗa ruwan sama ta wani siririn bututu, har ya kai inda ya fi mafarinsa bisa. Ƙarfin ya kwanta, bawul na farko ya sake buɗewa, a koma farko. Haka zai yi ta bugawa dare da rana. Mafi yawan ruwan komawa rafi yake yi, abin da ke hawa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba, gwargwadon tsawon hawan. Amma ruwan rafi ne da ma can wucewa zai yi.

Sai dai a lura da iyakarsa. Yana buƙatar ruwa mai gudu da gangare, saboda haka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba shi da amfani. Kuma ɗaga ruwa yake yi, ba ya tsabtace shi. In rafin da ƙwayoyin cuta, da su zai hau.

Yadda ake gudanar da aikin

Ƙungiyar ta Amurka, bayan ta sha gwagwarmayar shekarun farko, ta kafa wa rassanta ƙa'idodi. Mutanen ƙauye ne za su nemi aikin, galibi ta hannun wata ƙungiya ta ƙasarsu. Reshen jami'a zai ɗaure wa ƙauyen alkawarin shekara biyar. Zuwan farko ba a gini, awo ake yi: a yi safiyo, a auna yawan ruwan da maɓuɓɓuga ke bayarwa, a gwada tsabtarsa, a ƙidaya gidaje, a zauna da mata a ji inda suke so a kafa famfo. Sa'an nan a koma jami'a a zana, kuma ba a taɓa siminti sai ƙwararrun injiniyoyi masu lasin sun duba zanen sun sa hannu. Mutanen ƙauye su ba da wani kaso na kuɗin gini, aƙalla kashi 5 cikin ɗari, su yi aikin gayya, su ɗauki nauyin gyara gaba ɗaya. Bayan gini kuma a dawo a duba.

A takarda wannan tsari ba shi da aibu. Wahalar tana wajen lokaci. Ɗalibi baƙo ne na mako biyu ko uku, kuma lokacin hutun jami'arsa yake zuwa, ba lokacin da ruwa ya fi ƙaranci ba. Maɓuɓɓugar da aka auna da damina tana iya ƙafewa da bazara. Bugu da ƙari, karatun digiri shekara huɗu ne. Wanda ya yi awo ya gama ya kama aiki, wanda ya zana yana rubuta jarrabawar ƙarshe, wanda ya zo dubawa bai san dalilin da ya sa aka bi da bututu ta gabas ba. Ƙauye kuwa yana nan, da mutanensa, da tankinsa mai yoyo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Inda gizo ke saƙa

Na ce labarin rijiyoyin shekarun 1980 zai zo. A 2009 wata cibiya mai haɗa ma'aikatan ruwan karkara ta tattara alƙaluma daga ƙasashe 20 na Afirka kudu da Sahara, ta ƙiyasta cewa wajen kashi 36 cikin ɗari na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki. Binciken da ya biyo baya ya rage adadin zuwa wajen ɗaya cikin biyar. Ko wanne aka ɗauka, dukiya ce mai yawa ke tsatsa a bakin hanya. Kuma mafi yawan waɗannan famfuna ba ɗalibai suka kafa su ba, gwamnatoci ne da manyan hukumomi masu ƙwararrun ma'aikata. In ƙwararru sun sha wannan kaye, ina ga ɗan shekara ashirin?

Abin da ke kashe famfo ba babban abu ba ne. Galibi wata 'yar roba ce ko fata da ke can ƙasa cikin rijiya ta cinye. Famfon India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya cikin shekarun 1970 da taimakon UNICEF, ƙaƙƙarfa ne ƙwarai, amma kafin a kai ga wannan roba sai an zaro bututun ƙarfe masu nauyi ɗaya bayan ɗaya, da mutane da yawa da kayan aiki na musamman. Shi ya sa a farkon shekarun 1980 aka fara ƙera wani a Malawi, aka kammala shi a Kenya, mai suna Afridev, wanda mutum biyu da sifana guda za su zaro cikinsa su canja robar. An warware matsalar ƙira ke nan. Amma ina kantin da ke sayar da robar? Wa ke riƙe da asusun gyara? In ma'aji ya ranta wa surukinsa kuɗin, wa zai tuhume shi? In makanikin da aka koya wa aikin ya tafi birni cin rani fa? Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da ake koyarwa a ajin lissafin gudun ruwa cikin bututu, alhali su ne ke yanke hukunci.

Wani haɗarin kuma shi ne abin da ido ba ya gani. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun daga shekarun 1970 domin a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo amai da gudawa. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawansu akwai gubar asanik a ciki, wadda daga duwatsun ƙasa take fitowa. Wani rahoto da ya fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2000 ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗarin shanta. Ba mugunta aka yi ba, gwaji ɗaya ne ba a yi ba, domin babu wanda ya zaci ana buƙatarsa.

Masu suka ba yau suka fara ba. A 1968 Ivan Illich, wani malamin Kirista kuma masani, ya tsaya gaban ɗaliban Amurka 'yan sa kai a Cuernavaca ta ƙasar Meziko, ya gaya musu a fili cewa su zo su ga ƙasa, su zo su yi karatu, amma su daina cewa taimako suka zo yi, tun da ba su jin harshen mutanen, ba su kuma san zamansu ba. Maganar ta yi zafi, a ganina ma ta wuce gona da iri. Amma akwai wani lissafi da ke goyon bayansa wanda kowane akawu zai iya yi. A haɗa kuɗin jirgin mutum goma daga Amurka zuwa Afirka da komowa, da masauki, da allurai, a ajiye gefe guda. A ajiye kuɗin siminti da rodi da bututu a ɗaya gefen. Sau da yawa gefen farko ne zai rinjaya. Kuma ƙasar da aka je tana da birkiloli da masu haɗa famfo da injiniyoyinta, waɗansu ma ba su da aikin yi. Saboda haka gaskiyar magana, wani babban kaso na kuɗin nan kuɗin karatun ɗalibin ne. Wannan ba laifi ba ne, ilmi abin saye ne. Laifin shi ne a rubuta shi cikin littafi da sunan sadaka ga ƙauye.

Abin yabo a nan shi ne wasu daga cikin ƙungiyoyin sun ji sukar. Ta Kanada ta fara buga rahoton shekara-shekara tun daga 2008 wanda ba ya ƙunshe da kome sai ayyukanta da suka faɗi da dalilan faɗuwarsu. A Malawi kuma, maimakon gina sababbin rijiyoyi, ta zauna da ofisoshin ruwa na gundumomi, tana taya su tsara lissafin inda kowane famfo yake, da wanda ke aiki, da wanda ya mutu. Aiki ne marar kwarjini, ba a yanka kirtani, ba a ɗaukar hoto. Amma jami'in da ke da wannan lissafi a teburinsa ya san inda zai aika makaniki, ya kuma san ƙauyen da aka yi wa rijiya uku alhali maƙwabcinsa ba shi da ko ɗaya.

Zancen salga

Ruwa kowa yana so, ba a roƙon mutum ya sha. Salga kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan ne ayyukan ɗalibai suka fi rauni. Ta fuskar ƙira an daɗe da samun mafita. Cikin shekarun 1970 Peter Morgan, a ɗakin bincike na Blair da ke ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, ya fito da salga mai bututun iska. Iskar da ke wucewa ta bakin bututun tana zuƙe wari daga rami. Ɗakin kuma ana barinsa da ɗan duhu, don haka ƙudan da ke cikin rami sai su bi hasken da suke hange a ƙarshen bututu, su tarar da raga, su mutu a nan. Dabara ce mai sauƙi, in an kiyaye sharuɗɗanta, an kuma nisanta ramin daga rijiya da kamar mita 30, ta ɓangaren gangare.

Amma an sha gina salga mai kyau a dawo a tarar an mai da ita rumbu ko ɗakin awaki, domin ita ce gini mafi ƙarfi a gidan. Ganin haka ne ya sa wajen shekarar 2000 wani masani ɗan Indiya, Kamal Kar, ya gwada wata hanya a wani ƙauye na yankin Rajshahi a Bangaladash. Ba a ba kowa siminti. Ana zagaya gari da mutanen gari, su da kansu su zana taswirar inda ake ba-haya, su lissafa yawansa, su bi sawun ƙuda daga can zuwa akushi. Kunya da ƙyama su sa su haƙa da kansu. Hanyar ta bazu ƙasashe da yawa. Tana da nata aibi, domin salgar da talaka ya gina da abin da ya samu takan rufta da damina, kuma kunyatarwa takan faɗa kan wanda ba shi da hali. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, irin wannan zance sai ɗan gari. Baƙon da ke magana ta bakin tafinta ba shi da fuskar da zai tayar da shi gaban dattawa.

Wani tsari da na fi gamsuwa da shi

A 2005 Monroe Weber-Shirk na Jami'ar Cornell ya fara wani shiri mai suna AguaClara tare da wata ƙungiyar ƙasar Honduras, Agua Para el Pueblo. Abin da suke ginawa matatar ruwa ce wadda ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan. Ruwa mai laka yana shigowa daga tudu, a ɗiga masa sinadari irin alam, ya bi ta wasu lunguna yana jujjuyawa har ƙurar da ke cikinsa ta dunƙule, ta kwanta a ƙasan tanki, ruwan ya ratsa yashi, a sa masa kilorin, ya gangara gari. Nauyin ruwan kansa ne ke yin aikin duka.

Abin lura shi ne rabon aiki. Ɗalibai suna can jami'arsu, cikin ɗakin gwaji, suna binciken yadda za a kyautata kowane sashe, kuma darasi ne da ake ba su maki a kansa, in wani aji ya tafi wani ya ɗora daga inda aka tsaya. Gini kuwa injiniyoyin Honduras da maginan wurin ke yinsa, da kayan da ake samu a kasuwar ƙasar. Kwamitin ruwa na gari shi ke mallakar matatar, ya karɓi kuɗin wata daga gidaje, ya biya mai kula da ita albashi. Ɗalibai sukan kai ziyara su ga abin da lissafinsu ya haifar, su ji ƙorafin mai kula da matata, su koma da sabuwar tambaya. Kowa ya yi abin da ya fi iyawa. Lalle tsarin ya fi dacewa da ƙananan garuruwa masu ruwan famfo da tuddai, ba zai yi wa rugar gida goma amfani ba. Amma ya amsa tambayar da na fara da ita, domin mai gyara yana kwana a garin, kuma da aikin yake ci da iyalinsa.

Annobar 2020 ta yi wa sauran ƙungiyoyin gwajin da ba su nema ba. Jirage suka tsaya, ɗalibai suka kasa tafiya. Ayyuka da dama suka ci gaba duk da haka, ana aika zane ta intanet, 'yan kwangila da maginan ƙasar suna ginawa. Inda akwai ƙaƙƙarfar ƙungiya ta 'yan ƙasa aiki bai tsaya ba, inda babu kuwa ya tsaya cik.

Kada mu ɗauka mu 'yan kallo ne kawai a wannan fage. Nijeriya ma tana aika ƙwararru 'yan sa kai zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik tun daga 1987, ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru na Gwamnatin Tarayya, kuma shekara biyu suke yi, ba mako biyu ba. A cikin gida kuma, tun daga 1973 muke tura matasa hidimar ƙasa zuwa jihohin da ba su jin harshensu, da yawansu kuma kan bar wa gari rijiya ko masai kafin su tafi. Ɗan hidimar ƙasar da ya kafa famfo a watansa na goma sha ɗaya, matsayinsa ɗaya da ɗalibin Kolorado a Beliz.

Saboda haka ga ma'aikatan da ke zaune a nan, musamman na ƙananan hukumomi da hukumomin ruwa, ran da irin waɗannan matasa suka shigo ofis da takardar neman izini, na waje ne ko na gida, a karɓe su hannu biyu, a kuma nemi abu huɗu a rubuce kafin a sa hannu: sakamakon gwajin ruwan, awon da aka yi da rani, sunan kantin da ke sayar da kayan gyaran irin wannan famfo da nisansa daga ƙauyen, da kwafin zanen aikin, wanda za a ajiye a fayil ɗin ofis, domin wanda zai zo gyara bayan shekara bakwai ya san inda bututu ya bi.

Shugaba, a nan zan dakata, in ba da dama ga masu tambaya.